Yadda Dare Ke Kai Muryar Kaduna Rai Buba

Masarautar Rai Buba, wadda Arɗo Buba Njidda ya kafa a farkon ƙarni na 19, ta yi suna wajen tsare ƙofofinta, har Faransawa ma lallaɓa ta suka yi. Baƙo ɗaya ne ya gagari dogaranta: muryar rediyo.

An buɗe Rediyon Garwa a 1958, shekarar da Ahmadu Ahidjo, ɗan garin, wanda ya taɓa aikin tangaraho a gidan waya, ya zama firayim minista. Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962. Tsakanin Kaduna da Rai Buba akwai fiye da kilomita 700, tazarar da matsakaicin zango ba ya iya ci da rana. Amma da magariba ta yi, sai Hausar Kaduna ta ratso iyaka ba tare da izinin kowace gwamnati ba.

Dalilin yana sama. Hasken rana kan cusa lantarki a iskar da ke can ƙololuwa, wadda masana ke kira ayonosfiya, mai hawa-hawa. Hawan ƙasa, tsakanin kilomita 60 zuwa 90, shi ke shanye matsakaicin zango da rana. Da rana ta faɗi sai ya ɓace, saƙon ya kai hawa na sama, ya lanƙwaso ya sauka nesa. Kennelly da Heaviside suka yi hasashen haka a 1902, bayan saƙon Marconi ya ƙetare Tekun Atlantika a 1901. Appleton ya tabbatar da shi a 1924.

Hanyar ba ta zuwa kaɗai ba ce. A da, gajeren zangon Garwa, a kan mita 60, yakan kai kunnen masu farautar tashoshi a Turai, abin da tarihin yankin bai cika kulawa da shi ba.

Talabijin, wanda Kamaru ba ta samu ba sai 1985, lamarinsa daban ne, domin zangonsa kan huda ayonosfiya ya wuce. Mataimakinsa yana kusa da ƙasa: a asubahin hunturu, iska mai ɗumi kan kwanta bisa mai sanyi, saƙon ya maƙale tsakaninsu ya zarce iyakarsa. Da hantsi ya dubi ludayi ƙasa ta ɗau zafi, iskar ta gauraya, hoton ya dushe.