Malaman Makaranta Mata da Sankarar Bakin Mahaifa: Waiwaye daga Rusairis da Jazira

Gabatarwa

Sankarar bakin mahaifa tana daga cikin cututtukan dajin da aka san sanadinsu, aka kuma san hanyar kauce musu. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 cutar ta kama mata kimanin 660,000, ta kuma kashe kimanin 350,000, mafi yawansu a ƙasashe matalauta. Ilimin rigakafin ya daɗe da samuwa, isar da shi ga matar ƙauye ne ya yi wuya. Tarihin gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan, inda Hausawa suka yi ƙauyuka daga Jazira zuwa Rusairis, ya nuna cewa mace mai koyarwa ce ta saba ɗaukar irin wannan saƙo.

Zaman Hausawa a yankin

Hanyar aikin Hajji ce ta fara kai Hausawa Sudan. Bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci masu hijira zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 da buɗe gonakin audugar Jazira sun jawo ƙarin manoma, sannan zama ya bazu kudu har Rusairis, inda aka kammala wata madatsar a 1966. Ƙasar Sakkwato da shugabannin hijirar suka baro ta san tsarin 'Yan Taru na Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864. A tsarin, jaji ce ke karɓo karatu ta kai wa matan ƙauye har cikin gidajensu.

Makaranta da ungozoma

A 1907 Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a, a gaɓar wannan kogi, da yara 17, tara daga cikinsu 'ya'yansa ne. A 1921 aka buɗe kwalejin horar da malamai mata a Umdurman, a shekarar kuma Mabel Wolff ta kafa makarantar ungozoma a garin. Yawancin ɗaliban farko na makarantar ungozomar ba su iya karatu ba, don haka aka koya musu gane magani ta hanyar ƙamshi da ɗanɗano. Da suka kammala sai su koma garuruwansu da akwatin aiki. Abin lura shi ne, maganar da kunya ke hana mace faɗa wa likita namiji, takan faɗa wa 'yar'uwarta mace da ta yarda da ita.

Yadda aka gano cutar

A 1928 George Papanicolaou ya bayyana a Amurka cewa ana iya gane sankarar ta hanyar shafo ƙwayoyin halitta daga jikin mace a duba su da madubin likita, amma sai bayan littafin da ya fitar tare da Herbert Traut a 1943 gwajin ya karɓu. A 1983 da 1984 Bajamushe Harald zur Hausen da abokan aikinsa suka gano nau'o'i biyu na ƙwayar cutar HPV, wato na 16 da na 18, waɗanda ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan sankara. Allurar rigakafin ta fito a 2006.

Ƙwayar cutar tana yaɗuwa ne ta hanyar saduwa, kuma jikin yawancin mata kan kawar da ita da kansa. Idan ta zauna, takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, ko 5 zuwa 10 ga mai raunin garkuwar jiki. A tsawon wannan lokaci mace ba ta jin ciwo. Gwaji kaɗai ke nuna sauyin, ko da kuwa gwaji ne mai sauƙi na shafa ruwan khal a bakin mahaifa a ga wurin da ya yi fari. Zubar jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada biyu, ko bayan ɗaukewar al'ada, alamu ne da ke bukatar zuwa asibiti ba da jinkiri ba.

Nisan asibiti da darasin Jazira

Cibiyar gashin sankara ta Khartum, wadda aka buɗe a 1967, ta shafe shekaru ita kaɗai a ƙasar, kuma tsakaninta da Rusairis akwai tafiyar kimanin kilomita 500. Daga baya Jami'ar Jazira ta samar da cibiya ta biyu a Wad Madani. Likitocin wannan cibiya sun gwada wata dabara tsakanin 2010 da 2012: suka horar da 'yan mata 'yan sa-kai na ƙauyukan Keremet, waɗanda suka bi gida gida suka duba mata fiye da 10,000 don neman alamun sankarar mama. Cutar ta bambanta, amma dabarar ta jaji da ungozoma ce.

Ga sankarar bakin mahaifa, malamar makaranta tana da matsayi biyu. Na farko, 'yan matan da ake so a yi wa allurar, masu shekara 9 zuwa 14, su ne ke zaune a ajinta. Ruwanda ta fara yin allurar a makarantu a 2011, ta kuma kai fiye da kashi 90 cikin ɗari na 'yan matan da ta nufa. Nijeriya ta fara tata a Oktoban 2023. Na biyu, malamar kanta tana cikin shekarun da ake bukatar gwaji. Manufar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce kafin 2030 a yi wa kashi 90 na 'yan mata allura, a gwada kashi 70 na mata a shekara 35 da kuma 45, a yi wa kashi 90 na masu cutar magani. Malamar da ta je aka gwada ta, maganarta ta fi nauyi a kunnen uwar ɗalibarta.

Kammalawa

Rikicin ƙabilanci na Yulin 2022 ya raba Hausawa da yawa na Rusairis da gidajensu. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe makarantun ƙasar, ya kuma isa Wad Madani a Disambar wannan shekara, aikin cibiyar sankarar ya tsaya. Sankarar kuwa tana ci gaba da girma a ɓoye a jikin matan da ba a gwada ba. Yayin da ake sake buɗe azuzuwa da asibitoci a gaɓar Shuɗin Nilu, horar da malamai mata a kan wannan cuta, da harshen da iyaye ke ji a gida, wato Hausa da Larabci, yana daga cikin ayyukan da ba su bukatar jiran sabon gini ko na'ura mai tsada.