Yadda dokokin .gitignore ke rinjayar juna a manhajar Git

Git manhaja ce da ke adana tarihin kowane sauyi da aka yi wa fayilolin aiki. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, shi ya samar da ita a 2005. Ɗan kasuwa a Kawo ko jami'in ma'aikata a Kaduna da ya bayar da kwangilar rubuta manhajar lissafi, da wuya aikinsa bai ratsa ta cikinta ba.

Akwai fayilolin da bai kamata su shiga wannan tarihi ba, musamman masu ɗauke da kalmar sirri ko bayanan kwastomomi. Ana jera sunayensu a fayil mai suna .gitignore, domin Git ta kau da kai daga gare su.

Dokokin suna da matakai. Kowace folda tana iya samun nata .gitignore, kuma na foldar ciki shi ke rinjayar na sama; a nan mai unguwa ya fi hakimi iko a unguwarsa. Ƙasa da su akwai .git/info/exclude, wanda ba ya barin kwamfutar mai shi, sannan jerin gama-gari da ake saitawa ta core.excludesFile.

A cikin fayil guda, layin ƙarshe da ya dace da sunan shi ke yanke hukunci. Idan aka rubuta *.log, aka biyo da !muhimmi.log, alamar motsin ran ta ceto wannan fayil kaɗai. Amma idan aka toshe folda ɗungurungum, kamar bayanai/, babu alamar da za ta ceto abin da ke cikinta, domin Git ba ta ma leƙawa ciki. Sai a rubuta bayanai/* tukuna. Umarnin git check-ignore -v yana nuna layin da ya toshe fayil.

Inda aka fi yin asara shi ne fayil ɗin da Git ta riga ta fara bibiya, domin dokokin ba sa aiki a kansa ko kaɗan. Sai an cire shi da git rm --cached, kuma ko da an cire, tsohon kwafinsa yana nan a tarihi. Idan kalmar sirri ce a ciki kuma an riga an tura aikin GitHub a buɗe, dole a sauya ta nan take.