Da Su Wa Ake Kwatanta Wanda Ake Gwadawa?

Duk makin da gwajin halayya ko na lafiyar ƙwaƙwalwa ya ba mutum, kwatanci ne. Ana jera amsoshinsa kusa da na wasu mutane da aka riga aka tara, sannan a ce ya zarce su ko ya gaza su. Don haka kafin likita ko masanin halayyar ɗan Adam ya buɗe takardar gwaji, wajibi ne ya san da su wa zai kwatanta wanda ke zaune a gabansa. Matsayina shi ne, muddin mutanen da aka gina ma'aunin a kansu ba su yi tarayya da shi a harshe da aƙida da yanayin rayuwa ba, makin bai isa ya yanke masa hukunci ba, komai kyan fassarar da aka yi wa tambayoyin.

Tarihin gwajin MMPI, wanda ya fi kowanne shahara a wannan fage, ya isa hujja. Starke Hathaway da J. C. McKinley ne suka fitar da shi a Jami'ar Minesota ta Amurka a 1943, da tambayoyi sama da 500 da ake amsawa da "haka ne" ko "ba haka ba ne". Sun zaɓi tambayoyin da amsar marasa lafiya ta bambanta da ta masu lafiya. To su wa aka ɗauka a matsayin masu lafiya? Mutane kimanin 700, galibinsu masu zuwa dubiya asibitin jami'ar, fararen fata, mazauna karkara, waɗanda matsakaicin karatunsu kimanin shekara takwas ne. Fiye da shekara 40 ana auna hankalin jama'a da waɗannan mutanen karkara, har sai da aka sabunta gwajin a 1989 da mutum 2,600. A cikin Amurkar kanta bincike ya sha nuna baƙaƙen fata da 'yan asalin ƙasar suna samun maki mai yawa a sashen zargi da na rabuwar tunani da zahiri, aka daɗe ana muhawara a kan dalili. Wanda ya ce ana sa masa ido ko ana zaluntarsa, mai yiwuwa rayuwarsa yake bayyanawa.

A ɗauko irin wannan takarda a kai ta wani asibiti a Kano ko Damagaram. Mace ce zaune a kan benci, ba ta yi boko ba, ma'aikacin lafiya namiji yana karanta mata tambayoyin, mijinta ko surukarta na tsaye a bakin ƙofa. An tambaye ta ko mugayen iskoki kan shiga jikinta, ta ce e, domin an taɓa yi mata ruƙiyya kamar mata da yawa a unguwarsu. Takarda ta ƙara mata makin taɓin hankali. An tambaye ta game da sha'awa, kunya ta sa ta musanta komai. Takarda ta zarge ta da ɓoye gaskiya. Ciwon da ya kawo ta kuwa, kanta na zafi, wani abu na yawo a jikinta, gabanta na faɗuwa, ƙila babu tambayar da ta kama shi yadda take jin sa. Raymond Prince ya rubuta irin waɗannan koke-koke na jiki a wajen ɗaliban Nijeriya tun 1960, kuma su ne suka sa Peter Ebigbo ya ƙirƙiro nasa ma'aunin a Inugu. Kuskuren fuska biyu gare shi: a liƙa wa mai lafiya cuta, a kuma sallami mai ciwon damuwa ba magani.

Gwajin halayya ma bai tsira ba. Ana koyar da cewa halin ɗan Adam ya kasu manyan rassa biyar, amma da Michael Gurven da abokan aikinsa suka gwada wannan a kan mutanen Tsimane na Boliviya a 2013, rassan ba su fito ba. Fanny Cheung kuwa, da ta gina ma'auni daga cikin al'adar Sin, ta gano wani reshe na kiyaye alaƙa da mutuncin juna wanda gwaje-gwajen Turai ba su tanadar masa gurbi ba. Duk wanda ya san nauyin kara da kunya da haƙuri a wajen Bahaushe, abubuwan da Anthony Kirk-Greene ya tattauna a nazarinsa na mutumin kirki a 1974, zai yi zaton a nan ma akwai irin wannan giɓi.

Za a ce ai cutar ƙwaƙwalwa ba ta san ƙabila ba. Gaskiya ne, binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka wallafa a 1973, wanda Ibadan na cikin cibiyoyinsa tara, ya nuna ana samun cutar sikizofireniya a ko'ina. Sai dai kasancewar hatsi ɗaya ne bai sa mudun kowace kasuwa ya zama ɗaya ba. Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma hukuncin likita shi kaɗai ma yakan karkata, kamar yadda Paul Meehl ya nuna a 1954. Wannan ya sa ba na goyon bayan a watsar da gwaji. Abin da nake nema shi ne a yi masa aikin da ya kamata: a fassara, wani daban ya mayar da fassarar harshen asali, a gwada a kan ɗaruruwan masu lafiya da marasa lafiya na yankin, a tabbatar kowace tambaya abu ɗaya take aunawa a al'ummomin biyu. Talauci bai hana ba, domin a Zimbabuwe Vikram Patel da abokansa sun gina ma'auni mai tambaya 14 daga bakin masu jin harshen Shona a 1997.

Afirka ta Kudu ta mayar da wannan doka tun 1998: haramun ne a yi wa ma'aikaci ko mai neman aiki gwajin halayya sai an tabbatar da ingancinsa kuma ba ya nuna bambanci ga wani rukuni. Ina kira ga sassan nazarin halayyar ɗan Adam na jami'o'inmu da asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna da Kware da Maiduguri da su haɗa hannu su samar da ma'aunai da aka gwada a kan masu jin Hausa. Kafin hakan ta samu, kada kotu ko ma'aikata ko likita su yanke wa kowa hukunci da makin gwaji shi kaɗai.