Daga rikoda zuwa memori: yadda kayan yayi suka zo suka wuce a Zongon Lome

 Wannan shi ne abin da muka tattauna a shirinmu na tarihin kasuwa, na rubuta shi don wanda shirin ya wuce shi.

A ɗakin wani kawuna a Agoè-Zongo akwai kwalaye uku da ba a buɗe su sai ranar shara. Kaset ne cike a ciki, sababbi fil, ko ledarsu ba a ɓare ba. Ya saro su ne da kuɗin bijimai biyu, a daidai lokacin da mutane suka fara zuba waƙa a cikin waya. Ranar da na tambaye shi, sai ya yi dariya ya ce: "Ɗana, shanuna ne nan suke kwance, ba sa ci ba sa haihuwa." Wannan magana ce ta sa na bi diddigin waɗannan ƙananan na'urori da kayan wasa da kayan kwalliyar samari, in ga yadda kowanne ya shigo, da abin da ya kashe shi. Kai da kake zuba jari a cikinsu, ko kake sayar da akuya don ka saya, ya kamata ka san wannan tarihi.

Mu fara da Zongon kansa. Jamusawa sun mayar da Lome babban birnin Togo a 1897, kuma tun wancan zamani fatake Hausawa ke sauka a Zongo wurin masu masauki, ana cinikin shanu da goro. A 1977 hukuma ta tashi tsohon Zongo daga tsakiyar gari, aka mayar da mutane kimanin kilomita 15 arewa, a kan babbar hanyar da ta bi ta Sokode da Kara har Cinkassé. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya rubuta littafi a kan 'yan kasuwar Zongon nan, ya fito a 1983. Tashar jiragen ruwa ta Lome kuwa an buɗe ta a 1968. Ka ga ke nan unguwar ta zauna tsakanin teku da daji: kaya su sauka a tasha, su bi motocin da suka kawo dabbobi, su nufi Burkina da Nijar. Duk wata na'ura da za mu ambata, wannan hanya ta bi.

Rediyo ce ta fara. Wadda ta fara shahara a ƙasar nan ba ta shiga aljihu: tashar Kamina ce kusa da Atakpame, wadda Jamusawa suka gina don su riƙa magana da ƙasarsu daga nisan sama da kilomita 5,000. A watan Agusta na 1914, da yaƙi ya iso, su da kansu suka rusa ta kafin su miƙa wuya. Shekara 40 bayan nan, a 1954, aka fara sayar da ƙaramar rediyo mai aiki da batir a Amurka, kamfanin Sony na Japan ya biyo baya a 1955. Abin da ya sa ta kama a wurinmu shi ne ta iya Hausa. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Daga nan makiyayi ya samu abokin tafiya da ake ratayawa a kafaɗa tare da sanda da gora, a ɗinka mata riga ta fata don kada ƙura ta ci ta.

Sai kaset, wanda kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da shi a 1963. Rediyo tana faɗa maka abin da ta ga dama ne a lokacin da ta ga dama, amma da rikoda kai ke zaɓa. Kana son Mamman Shata da asuba, ka sa. Kana son Ɗan Maraya Jos ko tafsirin azumin bara, ka sa. Dattawa suna tuna yadda ake zura biro a ramin kaset ana juyawa don a tattala batir. Kuma kaset ya yi wani aiki da Philips bai yi tunaninsa ba: ya zama wasiƙa. Wanda bai iya rubutu ba sai ya zauna gaban rikoda ya gaida kowa da sunansa, ya faɗi lafiyar dabbobi da farashin hatsi, a ba direba ya kai gida. Sony ta ƙara masa farin jini da Walkman a 1979. Amma a 2010 ta daina yin mai kaset ɗin a Japan, lokacin da kwalayen kawu suka riga suka yi kwantai.

Bidiyo ma haka ya yi. Kamfanin JVC ya fito da kaset ɗin VHS a 1976. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta yi Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin Hausa na farko a bidiyo. Cikin 'yan shekaru finafinan Kano suka cika gidajen Zongo, tare da abin da ke biye da su: fosta, kalanda, sitika mai hoton Ali Nuhu da sauran taurari, a manna a bayan babur ko a ƙofar shago. Daga kaset aka koma faifai, daga faifai aka koma "tura mini a memori". Kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo mai kaset, Funai na Japan, ya tsayar da aikin a 2016. Wanda ya gina shagonsa a kan hayar kaset, sai da ya sake sana'a sau biyu kafin ya yi furfura.

A tsakiyar wannan zamani ne aka yi wa 'yan kasuwa wani bugu da bai shafi yayi ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Wanda ya kwana da kaya a shago ya tashi da riba, wanda ya kwana da bashin kayan waje ya tashi bashinsa ya ninka. Duk kayan da muke magana a kai daga waje suke zuwa, saboda haka farashinsu yana hannun canji, kai kuwa ba ka da iko da canji.

To, mu zo kan kayan wasa, waɗanda iyaye ke kira ɓata lokaci. Kafin su zo, dara ake yi a ƙasa da 'yan itace da duwatsu, yara kuma su yi langa da dare. Kamfanin Nintendo da ya shahara da wasannin lantarki, a 1889 aka kafa shi a birnin Kyoto, kuma katin karta yake bugawa. Shekara 100 cif bayan nan, a 1989, ya fito da Game Boy. Wasan jera bulo da ake kira Tetris kuwa, wani injiniya Alexey Pajitnov ne ya ƙirƙiro shi a Mosko a 1984. Abin da ya fi isowa hannun yaran Zongo shi ne kwaikwayonsa mai araha na roba, mai batir biyu, wanda ake sayarwa a faranti ranar sallah. PlayStation ta fito a ƙarshen 1994, ta biyunta a 2000, kuma an sayar da wannan ta biyun sama da miliyan 150 a duniya. Da ita aka buɗe gidajen gem: talabijin ɗaya, benci biyu, yaro ya biya 'yan sulalla ya buga ƙwallo. Ni ma na sha dukan makara a makarantar allo saboda benci irin wannan. Masu gidajen za su gaya maka cewa hannun wasan ne ke cin kuɗi, don shi ke mutuwa kullum, kuma mai sayar da hannu da mai gyara shi sun fi mai gidan samun na cefane.

Rigar 'yan ƙwallo ta fi kowa saurin tsufa. A 2006 Togo ta je gasar cin kofin duniya a Jamus, karo na farko, kuma a shekarar ce Emmanuel Adebayor ya koma Arsenal. A 2008 aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Kowane yaro daga Aflao har Dapaong yana son jar riga mai sunansa. A 2009 ya koma Manchester City mai shuɗiyar riga, daga baya Real Madrid, daga baya Tottenham, babbar abokiyar gabar Arsenal. Wanda ya tara dilar jar riga, sai ya karyar da ita a farashin gwanjo.

Daga ƙarshe waya ta zo ta haɗiye su duka. Nokia ta sa wasan maciji a wayoyinta tun 1997. A 2003 ta fito da 1100 mai tocila a ka, wadda aka sayar da sama da miliyan 200, kuma makiyaya sun san dalili: tana jure ƙura, tana kwanaki ba caji. Amma Nokia ma ta sayar wa Microsoft sashen wayoyinta a 2014. Masu Tecno da Itel, wato kamfanin Transsion na ƙasar Sin, sun ci kasuwa da waya mai layi biyu da batir mai daɗewa. Kai da kake kwana a Cinkassé ka wuni a Burkina, ba sai an yi maka bayanin amfanin layi biyu ba. Yau in ka je Dekon, inda ake hada-hadar wayoyi a Lome, abu ɗaya da zai cika tafin hannunka ya ɗauke aikin rediyo da rikoda da bidiyo da agogo da tocila da gem.

Me za ka ɗauka a nan? In kai ɗan kasuwa ne, ka lura cewa tun 1957 abin da mutanenmu ke saye bai canza ba: labari, muryar gida, da abin rage dare. Akwatin da ake zuba su ne ke canzawa, kuma kowane sabon akwati ya fi na baya gajeren kwana. Kayan da ke ɗauke da sunan ɗan wasa ko hoton tauraro, ka saro kaɗan ka juya da sauri, kada uwar kuɗi ta kwana a cikinsu. Abin da ya rayu a kowane zamani shi ne wuta da gyara: jiya batir da mai gyaran rediyo, yau caja da farantin sola da mai canza gilashin waya. In kai makiyayi ne, kafin ka saki kuɗin ɗan akuya, ka tambayi kwana nawa take riƙe caji, ko tana kama rediyo, ko kuma ana samun kayan gyaranta a kasuwar da ta fi kusa da rugarku. Memori kuwa, a gwada maka shi a gabanka, don jabu ya yi yawa: a rubuta babba a jiki, ka zuba kaya kaɗan ya cika ko ya goge.

Akwai abu guda da nake roƙonka. A ƙarƙashin kwali na uku mun tarar da wani tsohon kaset ba suna a jiki. Da muka aro rikoda muka sa, sai ga muryar kakana, yana gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, yana cewa ruwa ya sauka, saniyar nan mai farin goshi ta haihu. Ban taɓa ganinsa ba, ranar na fara jin muryarsa. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da laima, rikodar da ke aiki kuma kullum raguwa take. In kana da irin wannan a akwati ko a ƙasan gado, ka nemi mai rikoda tun yanzu, a kunna, ka ɗauka da wayarka, ka tura wa 'yan uwa biyu ko uku don kada ya zauna a memori ɗaya. Wanda kuma yake son a ji nasa a shiri, ya aiko mana ta hannun direbobin da suka saba kawo saƙonninku.

Allah ya ba da kasuwa, ya tsare dabbobi, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.