Abdomen: Daga Rumfar Mahauta a Rum Zuwa Littafin Likita

A birnin Rum na dā, almubazzarancin masu hannu da shuni a wurin walima ya taɓa kaiwa matakin da sai da hukuma ta sa baki. Jami'an da ke kula da ƙidayar jama'a da tarbiyyarsu suka kafa dokoki, suka lissafa sassan naman da aka hana kawo wa baƙi a ranar biki. Filini Babba, marubucin da ya mutu a shekarar 79 miladiyya lokacin da dutsen Vesuvius ya yi aman wuta, ya kawo jerin a kundinsa mai juzu'i 37 kan halittun duniya. Duk sassan na alade ne, domin shi ne naman da Rumawa suka fi so, kuma na farko a jerin shi ne wanda suke kira abdomen.

Wannan kalma ce yau likita ke rubutawa a takarda idan ya tura majinyaci ɗaukar hoton ciki, ko a Kano inda aka yi karatun likita da Turanci, ko a Yamai inda aka yi shi da Faransanci. Rubutunta ɗaya ne a harsunan biyu, domin dukansu daga Latin suka ɗauko ta ba tare da sun taɓa ko harafi ba. A wurin likita tana nufin sashen jiki da ke tsakanin ƙirji da ƙugu: daga shimfiɗaɗɗiyar tsokar numfashi da ta raba huhu da kayan ciki, har zuwa bakin ƙashin ƙugu. A nan tumbi yake, da hanta, da saifa, da matsarmama, da ƙoda biyu, da hanji ƙarami da babba.

Amma a bakin Barume na farko ba kalmar ilimi ba ce. Idan yana maganar cikinsa na yau da kullum, venter yake cewa. Ita abdomen ta mahauta ce da masu girki, tana nufin kitsen ƙasan ciki, musamman hantsar alade mace wadda ta haihu. Filini ya ce mutanen dā da wannan suna suka san wannan yanki kafin a sake masa suna sumen, har ya ba da labarin wani marubucin wasan kwaikwayo, Publilius, tsohon bawa, wanda tun da ya sami 'yanci ba a taɓa jin ya yi walima babu wannan nama ba.

Daga kitse sai kalmar ta koma zagi. A shekara ta 55 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), fitaccen mai jawabi Sisero ya miƙe a majalisar dattawan Rum yana caccakar Piso da Gabinius, mutanen da ke riƙe da ragamar mulki a shekarar da aka kore shi daga gari. Da ya zo kan Gabinius sai ya siffanta shi da acici wanda ba shi da buri sai na cika tumbi, kuma abdomen ce kalmar da ya zaɓa. Ya san venter sarai, amma ita ba za ta yi zafin da yake so ba. Wanda aka jefa da abdomen a gaban jama'a, da dabbar da ake kiwatawa don yanka aka haɗa shi.

Game da tushen kalmar, bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne ta fito daga aikatau abdere, wato ɓoyewa ko kawar da abu daga gani. An gina shi da ab, mai ma'anar nesantawa, da wani tsohon tushe mai ma'anar ajiyewa. Ita kuwa gaɓar -men da ke ƙarshe, Latin na amfani da ita wajen mayar da aikatau suna, kamar yadda forare, hudawa, ta haifi foramen, sunan kafar da ke jikin ƙashi. A bisa wannan, abdomen shi ne maɓoya, bangon da ya rufe kayan ciki. Wasu marubutan dā sun danganta ta da adeps, wato kitse, kuma har yau akwai masana harshe da ke ganin ba a gama tabbatar da alaƙarta da abdere ba.

Wanda ya fito da ita daga madafa ya kai ta ɗakin magani shi ne Aulus Cornelius Celsus, wanda ya rayu a ƙarni na farko, zamanin Sarki Tiberius. Ya rubuta babban kundi kan noma da yaƙi da shari'a da sauran fannoni, amma juzu'i 8 na likitanci kaɗai suka tsira. Likitancin wancan zamani da Girkanci ake yinsa, shi kuwa Celsus ya nace sai ya rubuta da harshen gida, saboda haka dole ya nemo sunaye a cikin maganar mutane. Sai ya ɗauki abdomen ya sa wa bangon cikin ɗan Adam: fata daga waje, santsin tantani daga ciki, wanda ya ce Girkawa na kiransa peritonaion. A juzu'i na 7 ya bayyana yadda ake yi wa wanda aka soka har hanji ya fito: a mayar da hanjin a hankali, sannan a ɗinke tantanin da fatar duka, da allura biyu, ɗaya a kowane hannu.

Bayan faɗuwar daular Rum ta yamma, littafin Celsus ya kusa ɓacewa, ilimin likitanci kuma ya koma hannun masu rubutu da Larabci. Da Turai ta dawo neman wannan ilimi, ta hanyar fassara ta same shi. A Monte Cassino ta Italiya, Kustantin ɗan Afirka, mutumin ƙasar Tunisiya ta yau, ya juya littafin Ali ɗan Abbas Almajusi zuwa Latin a ƙarni na 11. A Toledo ta Sifaniya, Gerard mutumin Cremona, wanda ya mutu a 1187, ya fassara Alƙanun na Ibn Sina. Inda masu fassarar suka rasa kalmar Latin, sai su bar ta Larabcin su ɗan lanƙwasa ta. Maraƙƙ, wato sassan ciki masu laushi, ta zama mirach. Sifaƙ, tantanin ciki, ya zama siphac. Sarb, kitsen da ke lulluɓe da hanji, ya zama zirbus.

Ɗaruruwan shekaru ɗalibin likita a Turai da waɗannan sunaye ya san cikinsa. A jami'ar Bologna, Mondino de Luzzi ya kammala littafinsa na fiɗar gawa a 1316, aka yi sama da shekara 200 ana karantar da shi. Ya kasa gangar jiki gida uku, kowanne ya kira shi ciki: na sama shi ne kai, na tsakiya ƙirji, na ƙasa kuma inda hanji yake. Da na ƙasa ake fara fiɗa a ranar farko, saboda babu maganin adana gawa kuma shi ne ke rigan saura ruɓewa. Malami na zaune a kan kujera mai tsawo yana karantawa, wanzami na yanka, kuma abin da wuƙa ke fara taɓawa mirach ake ce masa.

A ƙarni na 15 iska ta juya. Malaman Italiya suka shiga tonon tsofaffin rubuce-rubucen Rum da Girka, aka gano Celsus, aka buga shi a Florence a 1478, yana cikin littattafan likitanci na farko da suka shiga injin ɗab'i. Sabbin malaman suka ɗauki kalmomin Larabci a matsayin gurɓata harshe, suka yi ta tsince su ɗaya bayan ɗaya. A shekarun 1540 abdomen ta shiga Turanci ta hanyar littattafan tiyata da aka fassara. A 1543 kuma Andreas Vesalius, malamin jami'ar Padua mai shekara 28, ya buga babban littafinsa kan ginin jikin ɗan Adam a Basel, da abdomen da peritonaeum da omentum a gurbin sunayen Larabci uku.

Ita venter ba ta mutu ba, bakin talakawa ta bi. Ita ce ventre ta Faransanci da vientre ta Sifaniyanci, kuma 'yarta ventriculus, ƙaramin ciki, ita ce sunan ɗakunan zuciya biyu na ƙasa. Masana ƙwari kuma suka ari abdomen suka sa wa kashi na uku na jikin fara da zuma da tururuwa, bayan kai da ƙirji.

Ƙarshen gardamar sunayen sassan jiki ya zo a 1895, nan ma a Basel, inda ƙungiyar masana ginin jiki ta Jamus ta tace sunaye kimanin 50,000 da suka taru, ta bar kimanin 5,000. Abdomen ta tsallake, kuma ta ci gaba da zama a jerin Paris na 1955 da na duniya da aka fitar a 1998. Mirach da siphac da zirbus ba sa ciki.

Duk da haka sharar ba ta kwashe komai ba. Joseph Hyrtl, malamin ginin jiki a Vienna, ya wallafa littafi guda a 1879 yana bin sawun Larabci da Ibrananci a wannan fanni. Tantanin ƙwaƙwalwa guda biyu, dura mater da pia mater, uwa mai tauri da uwa mai laushi, fassara ce kai tsaye daga yadda likitocin Larabci suka kira su. Nucha, sunan ƙeya a littafin likita, daga nukha'u ta fito, wadda a Larabci ke nufin lakar ƙashin baya, kuma daga ita Faransanci ya sami nuque.