Tarihin Baƙin Bel: Wa Ya Ƙirƙiro Shi, Kuma Yana Kare Mutum A Titi?

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba.

Wani matashi ne ya turo mana saƙo. Ya ce an tare shi da wuƙa da daddare an ƙwace masa waya, abin ya tsaya masa a rai, ya yanke shawarar shiga makarantar karate. Yana tambaya: shekara nawa zai yi kafin ya samu baƙin bel, kuma tsakanin karate da taekwondo da judo wanne ya fi kare mutum? To ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri. Amma kafin in amsa sai mun je Japan tukuna, don bel ɗin nan da kake nema ba shi da tsufan da finafinai suka sa muke zato.

Wanda ya kawo shi sunansa Jigoro Kano. E, Kano, amma babu ruwansa da Kanon Dabo, sunan gidansu ne kawai. An haife shi a 1860, lokacin da zamanin samurai ke gab da ƙarewa. A 1876 gwamnatin Japan ta hana yawo da takobi, tsofaffin dabarun faɗa da ake kira jujutsu suka zama abin raini, malamansu da yawa suka koma gyaran ƙashi don su ci abinci. Shi kuwa Kano yaro ne ɗan siriri, abokan makaranta suna cin zalinsa. Ka ga ashe matsalarsa ɗaya da ta mai tambayarmu. Ya nemi malamai har ya samu, ya koyi salo biyu na jujutsu, sannan a 1882, yana ɗan shekara 21, ya buɗe tasa makarantar a wani ɗaki cikin wurin ibadar Eishoji a Tokyo. Ya sa mata suna Kodokan, abin da yake koyarwa kuma ya kira shi judo.

Abin da ya kamata ku riƙe game da mutumin nan shi ne malamin boko ne. Ya daɗe yana shugabantar kwalejin horar da malamai ta Tokyo, kuma a 1909 ya zama mutum na farko daga Asiya a kwamitin wasannin Olamfik na duniya. Tunaninsa na aji ne da jarrabawa. Kafin shi, in ɗalibi ya ƙware malaminsa takarda yake rubuta masa, kamar dai ijaza a wurinmu, kuma sai a yi shekaru da yawa tsakanin wata da wata. Kano ya ga yara na buƙatar matakai da za su riƙa gani suna hawa. Sai ya aro tsarin da ake kira dan daga wasan go, wani wasan allo mai kama da dara, wanda tun ƙarni na 17 ake jera 'yan wasansa mataki-mataki. A 1883 ya ba ɗalibansa biyu, Tomita Tsunejiro da Saigo Shiro, matakin farko. Ko bel ba a ɗaura musu ba a lokacin. Sai wajen 1886 masu dan suka fara ɗaura baƙar ɗamara don a bambanta su da sabbin shiga.

Sunan wannan matakin farkon shodan, kuma ma'anarsa "matakin fari". Wato ranar da aka ɗaura maka baƙin bel, abin da ake faɗa maka shi ne ka iya baƙi da wasali, yanzu za a fara karatu. A judo matakan suna tafiya har 10. Daga na 6 zuwa na 8 ana iya ɗaura bel mai ja da fari, na 9 da na 10 ja zalla, kuma waɗanda Kodokan ta taɓa ba mataki na 10 a duk tarihinta ba su kai mutum 20 ba.

Akwai wani labari da ake yawan bayarwa, wai a da farin bel ɗaya ake ba ɗalibi, ba ya wanke shi, gumi da datti su yi ta taruwa har ya koma baƙi. Labarin na da daɗi, amma tatsuniya ce. Launukan nan na tsakiya ma, rawaya da kore da shuɗi, a Turai suka yaɗu. Mikinosuke Kawaishi, malamin judo da ya zauna a Paris daga tsakiyar shekarun 1930, shi ya fi yayata su, domin ɗalibi yakan fi tsayawa in yana ganin ci gaba duk bayan 'yan watanni. Karate kuwa daga tsibirin Okinawa ya fito, kuma asali babu bel a cikinsa. Gichin Funakoshi ya kawo shi Tokyo a 1922, ya aro fararen kayan judo da tsarin dan, ya ba da nasa baƙin bel na farko a 1924. Daga nan taekwondo na Koriya, wanda sunansa ma sai a 1955 aka raɗa, shi ma ya ɗauka.

Shi ya sa tambayar "shekara nawa" ba ta da amsa ɗaya. Babu wata hukuma guda a duniya da ke auna baƙin bel. A Koriya ta Kudu mai zuwa horo kullum yana iya kaiwa matakin farko na taekwondo cikin shekara ɗaya ko biyu, har yara ƙanana, sai dai na ƙasa da shekara 15 sunan nasu poom. A karate da judo galibi shekara 3 zuwa 5 ne. A jiu-jitsu na Burazil kuwa mutum yakan yi wajen shekara 10. Launi ɗaya, awo daban-daban. Kuma duk inda ka ga makaranta ta yi maka alƙawarin baƙin bel a wata shida in ka biya kaza, to tela ka samu.

Yanzu ga inda na fi so ku buɗe kunne. A ganina bel ba shi ne babban abin da Kano ya bari ba. Tsofaffin makarantun jujutsu suna da dabaru masu ban tsoro, tsokane ido, karya yatsa, dukan maƙogwaro. Matsalar ita ce ba za ka iya gwada su a kan abokin horonka da gaske ba, sai dai a yi kwaikwayo: shi ya kawo hannu a hankali, kai ka kauce. Kano ya ware irin waɗannan ya mayar da su darasin kwaikwayo, ya bar kayarwa da dannewa da shaƙewa waɗanda za a iya yi da cikakken ƙarfi ba tare da an nakasa kowa ba. Wannan horon ake kira randori: kai kana son ka kayar, shi ma yana so, ba wanda zai bar wa wani. Sakamakon ya zo a juye. Wanda aka rage wa dabaru amma yake gwada su kullum a kan mai turjiya, sai ya fi wanda ya haddace dabarar kisa da bai taɓa gwadawa ba.

Tarihi ya sake nuna haka a wata nahiyar. Wani ɗalibin Kodokan, Mitsuyo Maeda, ya yi yawon duniya yana karawa da 'yan kokawa da 'yan dambe, ya isa Burazil a 1914, daga baya ya zauna a birnin Belem. A makarantarsa Carlos Gracie ya fara koyo, shi da ƙanensa Helio suka mayar da hankali kan faɗan ƙasa, abin ya zama jiu-jitsu na Burazil. A 1951 Helio ya kara da gwarzon judo Masahiko Kimura a filin Maracana. Kimura ya murɗe masa hannu har ya karye, Helio ya ƙi sallamawa, sai mutanensa ne suka jefa tawul. Har gobe wannan murɗiyar sunanta kimura.

Sai ranar 12 ga Nuwamban 1993 a birnin Denver na Amurka, aka yi gasar UFC ta farko, kuma tambayar da aka shirya ta don amsawa ita ce dai tambayar mai saƙonmu: wane salo ya fi? Mutum 8, babu rabon nauyi, dokoki 'yan kaɗan. Akwai ɗan sumo, akwai ɗan damben boksin da ya shigo da safar hannu ɗaya, akwai masu naushi da shuri. Royce Gracie, ɗan Helio, mai nauyin wajen kilo 80, ya gama da mutum uku a dare ɗaya, duka cikin kusan minti 5. Ɗan boksin ɗin ma da ya ji an hau kansa a ƙasa, sallamawa ya yi tun ba a kama masa komai ba. Ba don boksin banza ba ne, bai taɓa horo a wannan yanayin ba kawai. A 2017 kuma a ƙasar Sin wani mai faɗan gauraye, Xu Xiaodong, ya kara da wani malamin taichi da ake yayatawa, ko rabin minti ba a yi ba malam yana ƙasa.

To mu jera su. Boksin da muay thai na Tailan da kokawa, ko ɗaya babu bel ɗin mataki a al'adarsu, amma kullum ana gwabzawa, shi ya sa suke aiki. Mu ma nan haka abin yake. Ɗan dambe ba a tambayarsa takarda, kisa nawa ya yi a fili ake tambaya, kuma a Nijar takobi ake ba sarkin kokawa bayan ya kayar da kowa a gaban jama'a. Judo na koya maka kayarwa, da wani abu da ake rainawa: iya faɗuwa ba tare da kai ya bugi ƙasa ba. Wanda ke hawa babur kullum zai fi buƙatar wannan fiye da kowane shuri. Jiu-jitsu na Burazil gwani ne in mutum ɗaya ne ya danne ka, amma kwanciya a kan kwalta alhali abokin ɓarawon yana tsaye a kanka, wannan ganganci ne. Taekwondo na ba da sauri da iya auna tazara, kuma wasa ne da ya ɗaga yankinmu: Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a Beijing a 2008, Issoufou Alfaga Abdoulrazak ya ciyo wa Nijar azurfa a Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Sai dai a dokar gasar Olamfik ba a naushin fuska, kuma naushin fuska shi ne abin da aka fi fara kawowa a faɗan titi. Karate kuwa ya danganta da makaranta. Wata ana taɓawa ne a tsaya a ƙirga maki, wata irin Kyokushin ana dukan gaske.

Saboda haka ɗan'uwa, in ka je makarantar, zauna a gefe ka kalli horo ɗaya kafin ka biya. Duba ko ɗalibai na karawa da juna da turjiya, da kayan kariya, ko kuwa iska kawai ake duka. Tambayi malamin wa ya ba shi bel ɗinsa, da wace ƙungiya yake rajista. Malamin kirki ba ya jin haushin wannan tambayar.

Maganar wuƙa kuma, zan faɗa maka ba tare da kwana-kwana ba. Duk salon da na lissafa, a kan tabarma aka gina shi, da alƙalin wasa, da mutum ɗaya a gabanka hannunsa babu komai. Masu ƙwacen waya ba sa zuwa su kaɗai, kuma ba sa zuwa hannu rabbana. Saran wuƙa ɗaya a cinya ko a wuya ya isa mutum ya zubar da jini kafin a kai shi asibiti, ko da dan nawa gare shi. Abin da ka yi ranar nan, ka miƙa wayar ka tsira da ranka, shi ne abin da malamin judo mai hankali zai ce ka sake yi ko bayan ka shekara 10 kana horo. Ka shiga makarantar, za ka samu lafiyar jiki da numfashin gudu da natsuwa in an cakume ka, amma ka rubuta lambar IMEI ta sabuwar wayarka ka ajiye a gida.

Mako mai zuwa insha Allahu za mu tsaya a Okinawa, mu ga yadda karate ya samo asali daga dabarun faɗan ƙasar Sin. Ku turo tambayoyinku. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.