Siririn Harafi da Ƙugiyar Hausa

Wani abokin aikinmu ya kafe a kan cewa duk rubutun ilimi da za a buga a Dutse ya kamata a yi shi da siraran haruffa masu 'yan ƙafafu a sama da ƙasa, dangin Garamond da Bodoni, domin a ganinsa su ne tufafin da suka dace da ilimi. Ban musa kyansu ba. A bangon littafi, ko katin ɗaurin aure mai kauri irin wanda ake rabawa a Limawa, idan aka buga su manya kuma aka bar musu sarari, suna da natsuwar da ƙattin haruffa ba su da ita. 

Inda muka rabu shi ne ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ. Ya ce mai karatu yana gane kalma daga jimlar da take ciki, ko da ƙugiyar ta dushe. Wataƙila haka ne ga wanda ya daɗe yana karatu. Amma yaron firamare da yake haɗa baƙi da wasali ɗaya bayan ɗaya ba shi da wannan gata. A wurinsa ƙugiyar ce kaɗai ta raba baki da baƙi, ta raba kafa da ƙafa. A siririn zubin harafi kuwa ƙugiyar ba ta wuce kaurin gashi ba.

Ya kuma ce injinan yau suna fitar da kowane layi sarai. A bugun farko ne kawai. Takardun darasi da ɗalibai ke yawo da su a kewayen Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, sau da yawa kwafi ne na kwafi, kuma layin da ya fi siranta shi ne ke fara ɓacewa. A nan zan tsayar da da'awata a kan takardar da aka kwafa da ƙaramin bugu, domin fuskar waya tana ba mutum damar ƙara girman rubutu.

Akwai matsalar da bai taɓo ba sam. Yawancin waɗannan zubi an zana su ne don harsunan Turai, babu ƙ ko ɗ a cikinsu. Sai kwamfuta ta aro harafin daga wani zubi, ya fito dabam a tsakiyar kalma, kyan da ake nema ya lalace. Irin wannan giɓi ne ya sa mai zana haruffa Hermann Zapf ya yi aiki a kan zubin Pan-Nigerian a shekarun 1980, daga baya kuma ƙungiyar SIL ta fitar da Gentium da Charis, waɗanda suka zo da haruffanmu cikakku.

Ina ganin a bar siririn harafi ga take da bango da kati. Masu shagunan buga takardu na Dutse kuwa, kafin ku zaɓi zubi don cikin littafi, ku buga ɓ da ɗ da ƙ da shi, ku kwafa sau biyu, ku duba ko ƙugiyar tana nan.